Imfal da Kohima, 1944: yunwa ce ta ci sojan Japan ko igwa?

Mai Taswira:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya an taɓo Yaƙin Bama aka bar shi a rataye, to bari in ɗauko shi ta wajen da ya fi nauyi: harin da Japan ta kai kan iyakar Indiya a watan Maris na 1944, wanda suka sa wa suna U-Go. Mai shirin shi ne Janar Mutaguchi, kwamandan Runduna ta 15, da dibishin uku a hannunsa, mutum wajen 85,000. Abin da yake hari shi ne Imfal, wani shimfiɗaɗɗen fili da duwatsu suka yi wa zobe a ƙasar Manifur, inda Ingila ta jibge abinci da mai da albarusai tana shirin komawa Bama. Titin mota ɗaya tak ya haɗa Imfal da tashar jirgin ƙasa ta Dimafur, mil 130 da 'yan kai, kuma ta kan tudun Kohima ya bi.

Ya kasa aikin uku. Dibishin ta 33 ta fara motsi daga kudu tun wajen 7 ga Maris, don ta datse dibishin ta 17 ta sojan Indiya da ke Tidim. Ranar 15 ga wata sauran biyun suka haye kogin Cindwin. Ta 15 za ta yanke titi a arewa da Imfal ta gangaro wa garin ta ka, ta 31 ƙarƙashin Janar Sato za ta ratsa duwatsun Naga ta kama Kohima. Guzurin da aka ba kowane soja na sati uku ne. Bayan nan sai abin da aka ƙwace a rumbun abokin gaba. Ni a ganina tun a nan aka ci su, kafin a harba harsashi ko ɗaya.

Auta:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, abin da ya ɗaure min kai ke nan. Janar guda ya tura wannan uban taro cikin daji da abincin kwana ashirin, ba wanda ya ce masa kul?

Ɗan Bariki:
An ce masa. Shugaban hafsoshinsa, Obata, ya duba hanya ya lissafa motocin da ke akwai, ya ce ba za ta yiwu ba, sai aka ɗauke shi daga wurin. Kwamandojin dibishin ukun ma ba wanda ransa ya kwanta. Amma Auta kada ka ɗauka hauka ce zalla, dabarar ta sha yi musu aiki. A Malaya da Singafo a 1942, inda Mutaguchi da kansa ya ja dibishin ta 18, haka aka yi, a Bama ma haka. Sojan Ingila na lokacin a ɗaure yake da mota, mota kuwa a ɗaure take da titi. Sai Japanawa su bar ƙaramin ayari yana ta harbi a gaba, babban ya kutsa daji ya zagaya ya ɓullo a baya, ya sare itatuwa ya tare hanya, ya kafa bindiga mai jigida a kan kwana. Da kwamandan Ingila ya ji an tare masa baya, sai ya juyo a guje don ya buɗe hanya, ya bar motoci da buhunan abinci. Har suna suka sa wa wannan ganima, wai guzurin Churchill.

Abin da Mutaguchi bai karanta ba ya faru wata guda kafin nasa harin. Ranar 4 ga Fabrairu Japanawa suka yi irin wannan zagaye a Arakan, can gaɓar tekun yammacin Bama, suka rutsa dibishin ta 7 ta Indiya. Wannan karon Janar Slim, kwamandan rundunar Ingila a wannan fage, ya ce kowa ya tsaya inda yake, abinci zai zo ta sama. A Sinzweya akawuna da masu dafa abinci da masu jan alfadarai suka haƙa rami suka riƙe wuri tare da 'yan tankoki, jirage suna sako musu kaya da laima. Kafin ƙarshen wata, waɗanda suka yi zoben su ne yunwa ta kora.

Sarkin Zango:
Ku ba ni wuri in shigo ta wajen shanu, don nan ne wautar ta fi fitowa fili. Mutaguchi ya sa aka tattaro dubban shanu daga ƙauyukan Bama, wai su ɗauki shinkafa da harsashi, in kayan ya ƙare a yanka su a ci, yana kwaikwayon Jengis Khan. A takarda abin gwanin daɗi, kaya da nama a jiki ɗaya.

To sa wanda ya saba da karkiya da amalanke ba takarkari ba ne. Takarkari tun yana maraƙi ake horar da bayansa, a saba masa da akumari da majanyi. Ka ɗauko sa mai tozo wanda bai taɓa jin nauyi a gadon baya ba ka ɗora masa akwatin albarusai, kwana biyu bayan ya salluɓe, kaya kuma kullum yana zamewa gefe. Na biyu, saniya ba ta ci a tafe. Tana son awoyi tana kiwo, sannan ta kwanta ta yi tuƙa. In ka hana ta wannan, sati ɗaya ta faɗi. Shi ya sa soja ke yin gaba, shanu na can baya da abincinsa. Na uku, ƙasar. Jerin duwatsun nan daga arewa suka miƙe zuwa kudu, su kuma yamma suka nufa, ke nan kowane tsauni sai an hau an sauka, wasu sun haura ƙafa 7,000, a 'yar siririyar turba, ba ciyawar kirki sai gora da kurmi. Tun a Cindwin ma da yawa suka nutse da kayansu wajen hayewa da dare. Masu kora su kuwa sojoji ne, ba makiyaya ba.

Ko alfadari da aka yi shi don dutse yana da nasa lissafi. Yana ɗaukar wajen kilo 70, yana cin hatsi kusan kilo 5 a rana in ana so ya yi aiki. In ba abin da zai ci a hanya, tafiyar sati guda zuwa da sati guda dawowa, ya cinye abin da ya ɗauko.

Mai Taswira:
Sarki ya gama magana. A ƙara da na mutum. A ce giram 800 na shinkafa a rana, sau ashirin, kilo 16 ke nan. Ga bindiga, harsashi, gurneti, shebur, gishiri, bargo. Kayan sojan ƙafa ya kai kilo 40, wasu sun wuce. Don a rage nauyi aka bar yawancin manyan igwa da bindigogin fasa tanka a baya, bisa zaton tanka ba za ta hau waɗannan duwatsu ba. Igwar dutse da suka tafi da ita, wadda ake wargazawa a ɗauka gunduwa-gunduwa, harsashinta ƙidayayye ne.

Kawun Yara:
Malam, da girmanka, ban yarda an ci su tun farko ba. Wannan hukuncin wanda ya riga ya san ƙarshen labari ne. Duba yadda Ingila ta kusa kifewa a watan Maris.

Shirin Slim da Janar Scoones, mai riƙe da Imfal, shi ne da zarar hari ya tabbata a janye dibishin ta 17 daga Tidim da ta 20 daga wajen Tamu, a tattara a filin Imfal, Japanawa su zo su same su a ƙarshen doguwar hanya. Shiri mai kyau, amma umarnin janyewa ya makara. Sai 13 ga Maris aka ce wa ta 17 ta taso, lokacin an riga an tare mata titi a baya. Mil 160 da wani abu ta yi tana faɗa tana buɗe hanya, ba ta iso Imfal ba sai farkon Afrilu. Don a ceto ta aka tura yawancin dibishin ta 23, wadda ita ce ajiyar gida, Imfal ya zama kusan fayau.

Na biyu, Slim ya zaci abin da zai iya ratso duwatsun Naga bai wuce rajimanti ɗaya ba. Sai ga dibishin sukutum, mutum wajen 15,000. Ba don birged ta 50 ta sojan laima ta tsaya a Sangshak ta riƙe Janar Miyazaki na dibishin Sato kusan kwana shida ba, da an iske Kohima ba kowa. Ranar 29 ga Maris aka yanke titin Imfal. Dimafur kuwa mil 46 ne daga Kohima, rumbunan kaya jere a gefen dogo tsawon mil goma sha ɗaya, masu gadi 'yan ƙalilan. Mutaguchi ya ba Sato umarni ya wuce can, shugabansa Janar Kawabe ya soke, ya ce wannan ya wuce iyakar abin da aka amince. Da sun shiga Dimafur, yunwa ta ƙare, kuma dogon da ke kai kaya Assam, na Janar Stilwell na Amurka da na jiragen da ke ƙetara duwatsu zuwa Sin, ya tsinke. Saura ƙiris ne.

Ɗan Bariki:
Kawu, na ba ka rabin gaskiya. Slim da kansa ya amsa cewa Dimafur ce ta fi hana shi barci. Amma kamawa daban, riƙewa daban. Dimafur a fili take, ba dutsen da za a laɓe. Sojan da ya sauko can ba bindigar fasa tanka, ba jirgin da zai kare shi daga sama, a daidai lokacin da dibishin ta 2 ta Turawa ke sauka daga jirgin ƙasa bataliya bayan bataliya. Kuma wa ya ce za a bar musu rumbun da kayansa? Fetur da ashana sun isa. In ma sun samu, shinkafar Dimafur ba za ta ciyar da mutanen da ke Bishenfur, kudu da Imfal, ba. Da wace mota, ta wane titi?

Kawun Yara:
Ko sati biyu suka riƙe ta, jiragen da ke ciyar da Imfal sai an raba su biyu. A nan nake.

Auta:
Yallaɓai Ɗan Bariki, wai jirgi zai iya ciyar da gari guda? Ni na ɗauka ɗan taimako ne kawai.

Ɗan Bariki:
Ba ɗan taimako ba ne, shi ne jigon yaƙin. Tun daga 19 ga Maris aka fara kwaso dibishin ta 5 ta Indiya daga Arakan ta sama, da igwoginta da jif-jif da alfadarai, aka gama cikin kwana goma sha ɗaya. Ta ƙasa da sai an yi wata. Jiragen ba su isa ba, sai Mountbatten, babban kwamandan sojojin ƙawance a yankin, ya karɓo aron na Amurka daga masu jigila zuwa Sin. Filin Imfal yana da wuraren sauka shida, amma biyu ne kawai ke aiki in ruwa ya sauka, babban na Imfal da na Palel. Shi ya sa da Japanawa suka hau tsaunin Nungshigum, wanda ke kallon babban filin, ba a yi wata-wata ba. Ranar 13 ga Afrilu tankoki suka hau shi a jere ta kan siririn ƙashin bayansa, kwamandoji sun fito da kai waje don su ga gefen rami, aka harbe hafsoshin duka, sajamanja da manyan sojan Dogra na Indiya suka ƙarasa aikin. Tankar da aka ce ba za ta hau dutse ba ke nan.

Jimlar abin da aka shigar ta sama lokacin ƙawanyar ya kai tan 19,000 da soja sama da 12,000. Amma dabarar da ba a cika faɗa ba ita ce ta komawa: jirgi ba ya tashi wayam. An fitar da majiyyata wajen 13,000 da mutum 43,000 waɗanda ba mayaƙa ba, lebura da akawu da sauransu. Kowane baki da aka fitar, abincinsa ya huta. Duk da haka sai da aka rage rabon abinci da wajen kashi ɗaya cikin uku, don in gajimare ya rufe duwatsu jirgi ba ya shiga.

Mai Taswira:
Kohima kuma a dube ta kusa. Tudu ne siriri, tsawonsa bai fi mil guda da wani abu ba, titi ya naɗe shi. Masu tsaro wajen 2,500, kusan dubu daga ciki ba mayaƙa ba, ƙarƙashin Kanar Richards. Daga 4 ga Afrilu aka fara matsa su, kullum ana cin tudu ɗaya, har aka tara su a wani ɗan wuri kewayen gidan Di'o. Kuskuren farko na ruwa ne: tankunan suna can gefen da aka fara ƙwacewa. Rabon mutum ya koma abin da bai fi rabin lita ba a rana, shi ma sai an ja ciki da dare zuwa wani ɗan idon ruwa. Da wurin ya ƙanƙance, laimar da aka sako iska kan kai ta wajen abokin gaba, har harsashin turmi ya faɗa hannun Japanawa suka mayar wa masu shi ta baki.

A filin wasan tanis na gidan Di'o, ramin waɗannan a gefe ɗaya, na waɗancan a ɗaya gefen, gurneti ake jifa da hannu. Abin da ya riƙe su shi ne igwogin birged ta 161 da aka kafa a Jotsoma, mil biyu daga nan, an auna kowane taku, da an ji ihun hari sai a zuba wuta dab da ramin nasu. Ranar 18 ga Afrilu aka buɗe hanya gare su, ranar 20 aka canje su.

Daga nan sai abin ya juye, aka koma fitar da Japanawa daga ramukansu, wanda ya fi wuya. Ramin nasu rufin gungume ne da ƙasa mai kauri, da 'yar taga ƙasa-ƙasa, kowane rami wani na kare shi. In ka hau kan ɗaya, sai su kira turminsu ya zuba a kansu, su suna ciki lafiya kai kana waje. Maganin da aka samu shi ne a kawo tanka kusa. Ta fara da harsashi mai fashewa ta share ciyawa da rassa har tagar ta bayyana, sannan in sojan ƙafa sun matso ta koma dunƙulallen ƙarfe mara fashewa, don ɓarɓashi kada ya sami nata, su kuma su cusa nakiya a kan sanda ta tagar. Filin tanis sai 13 ga Mayu aka karɓe shi, bayan an sha wahalar hawo da tanka guda har kansa.

Hajiya Dakta:
Malamai kun yi ta igwa da shanu, kun bar babban mai kisa. A 1943, duk soja ɗaya da aka kwashe don rauni a rundunar Slim, wajen 120 ake kwashewa don ciwo, yawanci zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya yi mai sauƙin faɗa ne: ƙwayar mefakirin ta maganin zazzaɓi kullum a gaban hafsa, dogon hannu da dogon wando bayan faɗuwar rana, gidan sauro. Soja na ƙin ƙwayar don tana mayar da fata rawaya, ga jita-jitar tana kashe mazakuta. Sai aka riƙa gwajin ba-zata, bataliyar da aka samu ba ta sha yadda ya kamata, kwamandanta ake cirewa. Uku aka cire, saura suka shiga taitayinsu. Aka kuma kafa wuraren jinyar zazzaɓi dab da fagen daga, mutum ya warke cikin 'yan makonni ya koma, maimakon a kai shi can cikin Indiya ya ɓace wata biyar.

Ɓangaren Japan kuwa ba ko ɗaya daga ciki. Damina ta sauka a tsakiyar Mayu a kan mutanen da suka yi wata guda suna cin ɗanyen toho da saiwa. Jikin da yunwa ta ci ba ya jure atini, mutum na zawo da jini yana shan ruwan da ya ƙara masa. Ga kumburin ƙafa na rashin sinadarin da ke cikin dusar shinkafa. Raunin da za a ɗinke a warke, tsutsa ke shiga. Hanyar komawa Cindwin su da kansu suka kira ta hanyar ƙasusuwa.

Auta:
Hajiya an gode. To ina kakanninmu a duk wannan? Na ji ana cewa sun yi Kohima.

Mai Taswira:
A'a, a gyara wannan. Ba a kai bataliyoyin Afirka ta Yamma Imfal ko Kohima ba. Dibishin ta 81 tana kwarin Kaladan a lokacin, tana tsare gefen masu yaƙi a Arakan. Ba ta dogara da titi ba, 'yan dako ke ɗaukar kayanta a ka, abinci kuma daga sama. Sun kai Kyauktaw, Japanawa suka juyo musu a farkon Maris suka tura su baya. Birged ta 3, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Rajimantin Nijeriya, tana cikin Cindit, wato sojan kutsa daji na Janar Wingate, waɗanda aka fara saukewa a bayan Japanawa daga 5 ga Maris, suka tare dogo a sansanin da ake kira White City. Alaƙa ɗaya da Kohima ita ce Kanar Richards ɗin nan, shi ne kwamandan birged ta 3 kafin a ce ya tsufa da aikin Cindit. Yaƙin Myohaung a Arakan kuwa sai Janairun 1945, da ta 81 da ta 82. Sunayen barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna da Cindit a Zariya duk daga can suka zo.

Kawun Yara:
Mu koma kan Sato, don shi ne hujjar Malam mafi ƙarfi, na yarda. Wata biyu yana aika waya a kawo shinkafa da harsashi, kusan ba abin da ya iso, ga birged ta 23 ta Cindit tana yawo a duwatsun Naga tana tsinke 'yan turbobin da suka rage masa. Ƙarshen Mayu ya ce zai janye, Mutaguchi ya ce zai kai shi kotun soja, shi kuma ya mayar da amsa cewa basirar hafsoshin Runduna ta 15 ba ta kai ta ɗalibin makarantar soja ba. Ya tashi da mutanensa, ya bar Miyazaki da 'yan ɗaruruwa su tare baya. A sojan Japan ba a saba jin janar ya yi haka ba.

Ɗan Bariki:
Kuma ba a kai shi kotun ba, don kada ya buɗe baki. Likitoci aka sa suka ce ba shi da lafiyar kai. Kafin nan an cire Yanagida na ta 33 a Mayu, an cire Yamauchi na ta 15 a Yuni, tarin fuka ya ƙarasa shi ba da jimawa ba. Dibishin uku, kwamanda uku, duka an sauke su ana tsakiyar yaƙi. Abin da ya fi ci min rai shi ne zaman 6 ga Yuni. Kawabe da Mutaguchi sun haɗu ido da ido, kowa ya san ta ƙare, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara furtawa, aka tashi ba wanda ya furta. Umarnin janyewa bai fito ba sai farkon Yuli, wata guda cur na damina. Asarar Japan ta haura mutum 50,000 tsakanin matattu da majiyyata, ta Ingila da Indiya wajen 17,000.

Auta:
Wani abu ya rikita ni. Na ga an ce an yi faɗa a Mil 109 a watan Maris, na kuma ga an ce a Mil 109 aka buɗe hanya a watan Yuni. Wanne ne daidai?

Mai Taswira:
Duka biyun, tituna ne daban. Na Maris a titin Tidim yake, kudu da Imfal, wani sansanin kaya ne da Japanawa suka kama, dibishin ta 17 ta ƙwato shi tana wucewa ta kwashi abin da za ta iya. Na Yuni a titin Dimafur yake, ta arewa. A nan ne ranar 22 ga Yuni tankokin dibishin ta 2 da suka gangaro daga Kohima suka haɗu da sojan dibishin ta 5 da suka hauro daga Imfal. A daren ayarin motocin abinci ya kama hanyar Imfal da fitilu a kunne.